Ta Ina Muzuru Ke Shiga? Fashin Baƙi Kan Killace Kajin Gida

Da Bahaushe ya ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi, ya ambaci maƙiyan kaza biyu waɗanda ba su haɗa hanya ba. Muzuru na dare ne, yana bin katanga da ƙasa. Shaho na rana ne, daga sama yake faɗowa. Duk wanda zai killace kaji a bayan gida, wannan rabuwar ce farkon abin da zai riƙe, domin abin da ke tare ɗaya ba ya tare ɗayan, kuma bayan su biyun akwai masu haƙa rami da masu kurɗawa ta kafar da yatsa kaɗai ke shiga.

Yawancin shingen da ake yi wa kaji a gidajenmu aikinsa ɗaya ne, hana kaza fita ta yi ɓarna a shanyar maƙwabta. Dangar kara, zana, tsohon buhu da aka ɗaure a jikin sanduna, har da ragar nan mai ido shida-shida da ake sayarwa da sunan wayar kaji, duk suna tsare kaza a ciki. Amma tsare kaza a ciki daban, hana mai cinta shiga daban. Wayar kaji siririya ce, murɗa ta aka yi ba walda ba, kare mai yunwa yana yaga ta da haƙori, idonta kuma yakan kai inci ɗaya ko biyu, wanda ya ishi ɓera da maciji su wuce ba tare da sun goga jiki ba. In ta kwana biyu a ƙasa mai laima sai tsatsa ta cinye gindinta, a ga shinge a tsaye lafiya daga sama alhali ƙasansa ya zama gari.

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a fara gano wane ne ke ɗauka, domin kowane mai ɓarna yana barin shaidarsa. 'Yan tsaki da ke raguwa ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka, babu jini babu gashi, aikin shirwa ne ko shaho, musamman a unguwannin da ke kusa da mayanka ko kasuwa inda shirwa ke yawan shawagi. In aka tarar da tarin gashi an fige shi a wuri guda, ƙirjin kazar a cinye, shaho ne ya ci a nan saboda ta yi masa nauyin ɗauka. Kaji uku ko huɗu a mace da asuba, da cizo a wuya ko a ƙeya, jikinsu kusan ba a taɓa ba, wannan halin tunku ne da ire-irensa, kuma shi ya sa ake cewa jini suke sha. A gaskiya cizon wuya ne hanyar kisansu, kuma in kaji na fuffuka a ɗaki rufaffe sai su yi ta kashewa fiye da abin da za su ci. Kare kuwa watsa su yake yi a fili, ya kakkarya su ya bar su. Ƙwai da ke ɓacewa babu ko ɓawo, a nemi maciji ko damo. Ɓawo a fashe a fili, hankaka ne, ko ita kazar da kanta ta koyi shan ƙwai. Ɗan tsako da aka ja rabinsa cikin rami, ɓera ne. Kaza matacciya da kanta da wuyanta suka jiƙe da yauƙi, maciji ne ya gwada haɗiya ta fi ƙarfinsa. In kuwa aka wayi gari akurki fayau, babu gashi babu jini, ƙofa a mayar da ita yadda take, to mai ƙafa biyu ne, maganinsa kwaɗo ne ba raga ba.

Mai son tabbatarwa ya share gefen akurkin da yamma ya barbaɗa toka ko lallausan yashi, faɗin kamar ƙafa biyu. Da safe sawu zai nuna: na muzuru zagaye ne babu alamar farce, na kare da na tunku da farce a gaba, na damo da layin jela a tsakiya, na maciji kuwa ja ne kawai.

Ɗakin kwana shi ne gaba da komai

In kuɗi bai isa a yi duka ba, a zuba shi a ɗakin kwana. Da dare ne ake yin asara mai yawa a lokaci guda, domin kaza ba ta gani a duhu, tana zaune a inda ta kwanta har a ɗauke ta. Kajin gida goma sha biyu, ɗaki mai ƙafa huɗu a ƙafa shida ya ishe su in kwana kaɗai za su yi a ciki, wato ƙafa biyu murabba'i ga kowace. In wuni za su riƙa yi a ciki, sai an ninka.

Ƙasan ɗakin hanya biyu ce. Ko a yi daɓen siminti mai kaurin inci uku, ma'auni ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, wanda a ɗaki mai wannan girma buhu ɗaya da rabi ya isa har da ragowa. Ko a ɗaga ɗakin a kan ƙafafu, tsayin ƙafa biyu zuwa uku daga ƙasa, da daɓen katako a matse. Abin da bai kamata ba shi ne tsaka-tsaki, wato akwatin da aka ɗora a kan bulo ɗaya, inci shida daga ƙasa. Wannan ƙarƙashin, duhu da sanyi da ragowar tsaba, gida ne aka gina wa ɓera kyauta, inda ɓera ya zauna kuwa maciji na tafe. Gafiya ma hatsi take nema fiye da kaza, sai dai ramin da ta haƙa zuwa cikin akurkin laka shi ne titin da wasu za su bi daga baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai ɗaga ɗaki a kan ƙafafu ya kifa tsohon kwano ko ya naɗa langa-langa mai santsi a kowace ƙafa, bakin yana kallon ƙasa, don ɓera ya kasa hawa. A wuraren da kwarkwasa ke fitowa da damina, kamar kudancin Kaduna da Neja da sassan Filato, akan sa kowace ƙafa cikin gwangwani mai baƙin mai, domin babu ragar da ke tare kwarkwasa, kuma suna iya gamawa da kaza mai kwanci da 'yan tsakinta a dare ɗaya. A rufe gwangwanin da guntun raga don kada tsako ya faɗa.

Kuskuren da tsoron muzuru ke jawowa shi ne a toshe ɗakin gaba ɗaya da kwano. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, kaza kuwa ba ta yin gumi, da haki take fitar da zafi. Akwatin kwano marar iska zai kashe kajin da muzuru bai samu ba. A bar taga mai faɗi a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, can sama kusa da rufi, a rufe su da raga mai ƙarfi. Da hunturu sai a sauke buhu a ɓangaren gabas da arewa inda iskar ke bugowa, a bar ɗayan. Sandar da kajin ke hawa su kwana, inci takwas ga kowace kaza, a nisanta ta da raga da aƙalla ƙafa ɗaya, domin muzuru na zura hannu ta ido ya jawo kai ko ƙafa ko da shi bai shiga ba.

Sai wurin da kowa ke mantawa: inda kwanon rufi ya hau kan katako. Tudu da kwarin da ke jikin kwano suna barin kafofi a jere, kowace ta isa ɓera da ƙaramin maciji. A cusa musu dunƙulen raga ko a toshe da siminti.

Maganar raga

Girman ido shi ne komai. Ƙaramin ɓera na wucewa ta kafar da ta ɗan haura kwatan inci, babba kuwa inci ɗaya ya ishe shi, kuma duk inda kan dabba ya wuce jikinta zai bi. Ragar da ta dace ita ce mai ido murabba'i wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, ido rabin inci, galbanaiz, wato wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, kauri geji 19. Lambar geji a juye take tafiya, in ta ƙaru wayar ta ƙara sirancewa, don haka 22 ta fi 19 rauni. A kasuwa akan sami masu kama da juna a ido amma ba ɗaya suke ba. A kama gefen da yatsu biyu a lanƙwasa a mayar. Mai kyau tana turjiya, mahaɗarta ba ta ɓallewa. Wadda aka fesa wa fenti mai ruwan azurfa kawai, in aka kankare da farce ko ƙusa baƙin ƙarfe zai bayyana, kuma damina ɗaya ce ajalinta. Mai ido kwatan inci ta fi tsada kuma ƙura na toshe ta, a bar ta ga kejin 'yan tsaki da tagogin ɗakin kwana.

Yadda aka kafa ragar ya kai ingancinta muhimmanci. A sa ta a bayan katako, ta waje, yadda in dabba ta turo katakon ne zai tokare. Ƙusa da aka buga aka lanƙwasa kanta tana sakin waya in aka yi ta ja. Abin da ke riƙewa shi ne a ɗora siririn katako a kan gefen ragar a buge shi, ragar ta zama a matse tsakanin katako biyu, ko a huda marfin kwalbar lemo a bi ta cikinsa da ƙusa, ɗaya a kowane inci shida. Inda raga biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya inci biyu zuwa uku a ɗinke da waya galbanaiz kamar ana ɗinkin buhu. Baƙar wayar ɗaurin rodi da magina ke amfani da ita tana da araha, amma ita ce ke fara ruɓewa, ɗinkin ya buɗe ragar tana nan sabuwa.

Filin wuni na kaji goma sha biyu, a ɗauki ƙafa goma a ƙafa goma sha biyu, kowace kaza ta sami ƙafa goma murabba'i. Kewayensa ƙafa 44 ke nan. Tsayi ƙafa shida, don mai share wurin ya shiga a miƙe. Wurin da sai an sunkuya ake shiga ba a share shi, wannan sanannen hali ne. Ana buƙatar turaku tara masu tsawon ƙafa takwas: huɗu a kusurwa, ɗaya a tsakiyar kowane gefe, ɗaya na ƙofa, kowane a binne ƙafa biyu. Fayif ɗin ƙarfe da aka dasa da kankare ya fi daɗewa. In itace ne, ƙirya da azarar giginya sun fi jure gara, na turare da darbejiya kuwa sai an babbake gindin a wuta an shafe shi da baƙin mai ko kwalta har ya haura bakin ƙasa da taƙi ɗaya, domin a daidai bakin ƙasa turke ke karyewa. Don rage kuɗi, ƙafa uku na ƙasa a sa mai ido rabin inci, ƙafa uku na sama a sa mai inci ɗaya. Amma a sani wannan rangwame ne na filin rana kaɗai, maciji da ɓera na hawa, shi ya sa ɗakin kwana ba ya karɓar rangwame.

In an jingina filin da katangar gida an huta da gefe guda, sai dai katanga ita ce hanyar muzuru da kyanwar maƙwabta, daga kanta suke dirowa. Fili mai jingine da katanga ko yana ƙarƙashin reshe, rufi ya zama dole.

Ƙarƙashin shinge

Kare da dila da tunku in suka iske raga, a gindinta suke fara tono, ba sa tunanin ja da baya. Wannan ce dabarar da ake cin su da ita. Maimakon haƙa rami mai zurfi a ƙasar da ta bushe kamar dutse, a shimfiɗa raga a kwance a waje, faɗin ƙafa biyu, a ɗinke gefenta da gindin shingen, a danne da guntayen rodi da aka lanƙwasa, a rufe da ƙasa inci biyu ko uku ko a jera duwatsu. Mai tono zai iske waya a ƙarƙashin farcensa ya haƙura. Ga filin da aka ambata ana buƙatar ƙafa 52, wato 44 na kewaye da ƙarin ƙafa biyu a kowace kusurwa, kuma kusurwar ce ake yawan bari a buɗe. A ƙasa mai yashi irin ta Katsina da Damagaram, inda haƙa ba wuya ga mutum da dabba, a haɗa biyun: a binne raga ƙafa ɗaya a tsaye sannan a lanƙwasa ƙarshenta waje. Wanda ke da hali ya jera bulo layi biyu, ɗaya a cikin ƙasa ɗaya a sama, ragar ta fara daga kan bulo. Wannan yana raba ta da laima da kashin kaji, waɗanda su ne ke cin waya, kuma yana hana kajin kansu tone gindin shinge garin wankan ƙasa.

Bayan ruwan sama mai ƙarfi na farko a zagaya. Ruwan da ke zubowa daga indararo yakan kwashe ƙasa ya buɗe kafa a dare ɗaya.

Rufin sama ba ya buƙatar ƙarfin na ƙasa in shaho kaɗai ake gudu. Kashi ɗaya cikin uku a rufe da kwano ko zana don inuwa da ruwa, sauran a sa raga mai inci ɗaya a kan katako, a nan ne ma wayar kaji ke da amfani. Tsohuwar komar kamun kifi tana tare shirwa, sai dai rana na cinye nailan, kuma maciji na sarƙewa a ciki ya zama haɗari ga mai zuwa buɗe ƙofa da safe. Igiyoyin da ake ja a sama, tazarar ƙafa ɗaya, suna rage farmaki saboda tsuntsun ba ya son abin da zai taɓa fiffikensa. Madubi da tsumma da tsohon faifai da ake ratayawa kuwa na 'yan kwanaki ne, shirwa na sabawa. Rufin raga yana da wata riba: yana rage cuɗanya da tsuntsayen daji a wurin ci da sha, abin da likitocin dabbobi ke nanatawa tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a farkon 2006.

Ƙofa ce ke ba da kunya bayan an gama komai. Katako na kumbura da damina, ya bushe ya kanannaɗe da hunturu, ƙofar da ta zauna daidai a watan Agusta sai a ga kusurwarta ta buɗe inci guda a Janairu. A sa mata katako a gicciye, sakata biyu sama da ƙasa, dokin ƙofa na bulo ko siminti a ƙasa, da siririn katako a kewaye wanda ƙyauren zai kwanta a kansa. Gwajin mai sauƙi ne: duk inda ɗan yatsa ya shiga, a toshe. Da rana a shiga ɗakin kwana a rufe ƙofa, duk inda haske ya ratso an ga kafar.

Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma a nan ne kiwon sake ke zubar da riba. Kaza ta ƙyanƙyashe goma, in an yi sa'a, huɗu ne za su girma. Makonni shida zuwa takwas na farko su ne na haɗari, bayan nan tsako ya yi gashi ya iya gudu. Keji mai ƙafa huɗu a ƙafa uku, tsayi ƙafa biyu, raga rabin inci ko kwatan inci ta kowane gefe har da ƙasa, rabin samansa a inuwa, ya ɗauki uwa da 'ya'yanta. A riƙa matsa shi zuwa sabon wuri, a sa tsaki da ruwa a mazubi marar zurfi da 'yan duwatsu a ciki, da dare a shigar da shi ɗaki. Kwandon da ake kifawa yana tare shirwa, amma kare na ture shi, ɓera na bi ta ƙasa. Wasu na shafa wa 'yan tsaki launi don shirwa ta kasa gane su. Ba laifi a gwada, amma kada ya maye gurbin keji.

Kazar da aka killace ta daina ciyar da kanta, wannan lissafi ne da ake mantawa. Kowace babba na buƙatar kusan giram 80 zuwa 100 na abinci a rana, da ganye, da ruwan da ba ya yankewa. Dusa kaɗai ba ta isa ba, kuma cunkoso na kawo tsattsagar juna da saurin yaɗuwar cuta, don haka allurar rigakafin cutar Newcastle, annobar nan mai kashe kaji da yawa a lokaci guda, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, tana ƙara zama wajibi. Masu ƙaramin ƙarfi da yawa sun fi samun sauƙi da rabi-da-rabi: a saki manya da hantsi bayan rana ta ɗaga, a kira su da tsaba kafin magariba, a kulle. Kajin da suka saba kwana a bishiya, inda mujiya da muzuru ke samunsu, a rufe su a sabon ɗaki kwana biyar zuwa mako ɗaya, a riƙa ba su abincin yamma a ciki, za su koma shiga da kansu.

Abin da ke kewaye da shingen ma aiki ne. A nome ciyawa aƙalla ƙafa uku, a kawar da tarin bulo da itacen girki da karan da aka jingine, a adana abinci a durom mai murfi, a kwashe ragowa da yamma, a kwashe ƙwai kullum. Gubar ɓera a fili haɗari ce ga kajin da yara da kyanwar gida. Tarko a cikin akwati mai ƙaramar kafa ya fi. Wayar lantarki ta shinge da ke aiki da sola tana korar kare da dila in an sami na'urarta ta ainihi, kodayake a busasshiyar ƙasa ba ta da ƙarfi sai ana jiƙa wurin sandar da aka kafa a ƙasa. Jona shinge kai tsaye da wutar gida ko janareta kuwa kisan kai ne, yaro zai fara samu kafin muzuru.

Gamsheƙa tana son akurki saboda ƙwai da 'yan tsaki, kuma tana feso dafi a ido daga nesa, kububuwa kuma na laɓewa a tarin kara da ƙarƙashin kwando. Kada a tura yaro ya lalubo ƙwai a duhu, a haska da tocila kafin a sa hannu. In dafi ya shiga ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take, ba tare da murzawa ba, sannan a tafi asibiti. In sara ne, kada a tsaga wurin ko a ɗaure da igiya, a hana gaɓar motsi a garzaya inda ke da allurar dafin maciji, irin asibitin Kaltungo a jihar Gombe ko babban asibiti mafi kusa. Gurbin ƙwai kuma a ɗaga shi daga ƙasa kamar ƙafa ɗaya da rabi, bakinsa na fuskantar ƙofa, yadda mai shigowa zai ga cikinsa tun yana tsaye a waje.